Ƙofar Ruwan da Na Toshe a Awali

Na shiga Madina ba ni da fasfo. A Jidda na rabu da shi bayan an gama aikin Hajji, a hannun wani mutum mai farar jallabiya da ya ji ina Hausa a tasha, ya matso ya ce shi ma ɗan gida ne. Ya ce zai kai ofis a buga mini iƙama, wato takardar zama, in jira shi a bakin wani shago. Kwana uku ina jira. Ni dama tun ina ƙarami an san ni da iya jira, har yabona ake yi a kan haka. A rana ta huɗu mai shagon ya miƙo mini burodi da shayi, ya girgiza kai, ya nuna mini hanya da hannu. Na gane.

Sunana Hamisu, magini ne ni, daga wani ƙauye gabas da Ringim. Na baro mata da 'ya'ya huɗu da niyyar in yi aikin shekara biyu in koma. Wannan a farkon shekarun dubu ɗaya da ɗari huɗu na Hijira ne. Wani direba ya ji tausayina ya ɗauko ni a bayan motar albasa, na kwanta tsakanin buhuna har Madina. Sati guda rigata tana warin albasa.

Na yi kwanaki ina yawo, duk wanda na ga ya sa kaki sai in canza hanya. Wata rana da hantsi ina ratsa unguwar Ƙurban, kusa da masallacin Ƙuba, sai ƙanshin daddawa ya bugi hancina. Na tsaya cak a tsakiyar titi, hawaye suka zubo mini, ni da na haura arba'in. Wata mata ce zaune a ƙofar gida tana sayar da kunu da ƙosai. Hajiya Kaltume ke nan, mutumiyar Chadi.

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai kuma kukan me kake yi a gaban kaskona? Za ka kore mini masu saye. Zauna."

Na zauna, ta ba ni kunu, ta tambaye ni sana'ata. Da na ce gini, ta ce, "To tafi Awali, ka tambayi gonar da Baba Isiyaku yake. Gwiwarsa ta gaji, hannu yake nema. Ka ce ni na aiko ka. In ya zage ka kada ka damu, gaisuwarsa ke nan."

Awali gonakin dabino ne, kowace an kewaye ta da katangar baƙin dutse da laka. Na iske Baba Isiyaku a gindin wani dabino yana gyaran igiya. Tsoho ne siriri, ido ɗaya ya fara yana. A Sudan aka haife shi, iyayensa mutanen Haɗeja ne da suka taso aikin Hajji da ƙafa ba su ƙarasa ba, shi ya ƙarasa musu. Shekararsa talatin a wannan gona. Hausarsa duk Larabci ya shiga cikinta.

"Ka iya hawa dabino?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Ka iya tayar da injin ruwa?"

"A'a."

"To me ka iya, ya Bakano, ban da cin ƙosan Kaltume?"

Na ce masa ni ba Bakano ba ne sosai, ƙauyenmu da nisa da birni. Ya ce duk wanda ya zo da baki babu hannu Bakano ne. Sunan ya bi ni har na bar ƙasar.

Shi ya tsaya mini wajen mai gonar, wani Balaraben Madina mai suna Shehi Hamad, mutum mai ƙarancin magana da yake zuwa a mota duk Juma'a bayan la'asar. Baba ya gaya masa gaskiya cewa ba ni da takarda. Shehi ya dube ni ya ce in dai ban jawo masa magana ba, shi bai gan ni ba. Wannan kalma ta zauna mini a ciki. Na san ranar da na jawo magana, mota ce za ta kai ni Jidda, a sa ni a jirgi da rigar jikina.

Ɗaki ɗaya muka zauna da Baba. Ya koya mini hawa da igiya, da yadda ake ɗaura furen namijin dabino a kan na mace, da yadda ake cire 'yan dashe daga gindin uwarsu. Yana da 'ya ɗaya, Maryam, tana aure a Yanbu, mijinta yana aiki a matatar mai. Ta sha cewa ya koma wurinta ya huta, yana ƙi. Duk Juma'a in mun fito daga masallacin Annabi sai ya ja ni mu tsaya a jikin katangar Baƙi'a, maƙabartar Madina, ya yi sallama ga mutanen ciki, sannan ya ce mini, "Ka ga nan? Nan ubana ya nufo bai iso ba. Ni ba na neman komai kuma. Ƙasar nan ta rufe ni, halas. Shi ya sa ba na kwana uku a wajen garin nan."

Gonar tana kan gangare, wani busasshen kwari ya bi ta gefenta. A katangar sama akwai wata kafa a ƙasa, faɗinta ya kai kamu uku, an gitta mata ƙarafa. A katangar ƙasa ma akwai irinta, amma ƙarafanta tsatsa ta cinye su. Ta nan karnuka suke shigowa. Sun cinye mini tantabaru, sun tattake ɗan fegin yakuwa da kuɓewa da na shuka da irin da Hajiya Kaltume ta ba ni. Wannan fegi shi ne gidana a ƙasar. In kewar yara ta kama ni, can nake zuwa in tsuguna.

Na ce wa Baba zan toshe kafar.

Ya ce, "La! Wannan ƙofar sel ce. Kada ka taɓa."

"Mene ne sel?"

"Ruwa. Ya shigo ta sama, ya gaisa da dabino, ya fita ta ƙasa. Baƙo ne, hanya kawai yake so."

Na yi dariya. A lokacin na yi shekara uku a Madina, ban ga ruwan da zai cika ƙwarya ba. Ni kuwa ɗan damina ne. A garinmu kafin ruwa ya sauka magini yakan zaga gida ya toshe kowace kafa, ya yi yaɓe, ya gyara indararo. Katanga mai rami a gindi abin kunya ce ga mai ita. Kuma na ɗauka na san ruwa: hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa, kowa ya gani ya shirya. Na ce a raina, ko da zai zo ai zan gan shi, in buɗe.

Da Maryam ta haihu, Baba ya tafi suna Yanbu na kwana biyu. A kwana biyun nan na yi aikin. Na zaɓo duwatsu masu kyau, na sami ragowar siminti a ɗakin inji, na gina kafar ciki da waje, na shafe. Na ja da baya na duba, na ji daɗi, don tun da na zo ƙasar ban yi aikin hannuna na gaskiya ba. Daga nan na tara busassun rassan dabino a wurin. Na gaya wa kaina ajiya ce kawai. Yanzu da nake rubutawa ba zan yi wa takarda ƙarya ba: ɓoyewa na yi. Baba ya dawo, idonsa ba ya kai wa nesa, bai lura ba. Karnuka suka daina shigowa, har ya ce wataƙila sun ji labarin Bakano ba ya da nama.

Shekara ta zagayo. Sanyi ya daɗe da wucewa, zafi ya fara kamawa, mun gama ɗaurin fure, 'ya'yan dabino sun fito kore kamar ƙwayar wake. Bargunanmu ma mun naɗe su mun tura ƙarƙashin gado. Sai wata rana da azahar iska ta juya, ta zo da sanyi. A kanmu rana tana nan, amma can kudu, kan baƙaƙen duwatsu, sama ta yi duhu. Na duba gabas kamar yadda na saba, na ga fes. Na ci gaba da aikina.

Baba ya fito daga ɗaki yana shinshina iska. Ya ce, "Ana ruwa a harra, can kan duwatsun nan. Kwashe kayan da ke ƙasa."

"Baba, ai hadarin ba namu ba ne."

"A nan ba a tambayar na wane ne. Yalla!"

Bayan la'asar ƙanƙara ta fara zuba, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Amma ba shi ne abin ba. Wata ƙara muka ji daga sama, kamar manyan motoci sun jeru. Kafin in ajiye buhun da ke kaina, ruwa ya ɓullo ta kafar sama, ja wur, ɗauke da itace da gwangwani da mushen akuya. Baba bai firgita ba. Ya tsaya a bakin ɗaki yana kallo, har yana cewa dabino za su sha su gode. Ni kuwa idona yana kan katangar ƙasa.

Can ya ce, "Me ya sa ba ya fita?"

Rassan da na tara suka taso suna yawo a kan ruwa. Ya bi katangar ƙasa da ido, ya sake bi, sannan ya juyo ya dube ni da idonsa mai kyau.

"Bakano. Ina ƙofar?"

"Baba, karnuka ne..."

Bai zage ni ba. Mutumin da yake zagina a kan gishirin miya, ranar bai ce komai ba. Ya ɗauki diga, ya miƙo mini ƙarfen haƙa, ya shiga ruwan. Na ce ya tsaya ni in je, bai ko waiwayo ba. Ruwan ya kai mana gwiwa, ya kai ƙugu, kafin mu isa katangar ya kai ƙirji. Sanyinsa kamar ana yanka mutum, da ƙanƙara tana yawo a ciki. Muka riƙa nutsawa muna dukan ginin ta ƙarƙashin ruwa. Ko gezau. Na yi aikin da kyau. Da laka kawai na sa, da ruwan da kansa ya buɗe.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na ga leɓen Baba ya yi fari, digar tana suɓucewa daga hannunsa. Na kama shi ta baya na ja shi zuwa wani dabino, muka rungume gindin. Ba mu daɗe ba katangar ta yi wata ƙara ta kwanta, daga wannan kusurwa har waccan. Ruwan ya fita gaba ɗaya, ya tafi da 'yan dashen da Baba ya yi shekara huɗu yana raino, ya rushe ɗakin inji, ya shiga gonar maƙwabci. Fegin yakuwata ko alamarsa ban sake gani ba.

Sanyin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa a wannan lokaci na shekara ba. Tsofaffin Awali ma sun ce ba su saba gani ba. Bargunanmu sun jiƙe da laka, itace duk ya sha ruwa. Baba yana karkarwa har gadon yana motsi. Da gari ya waye sai ga Hajiya Kaltume ta ratso taɓo, zaninta a ɗage, da bargo a ka da tukunyar kunu mai citta.

Ta ce, "Tsoho, wa ya aike ka wanka? Ko amarya za ka yi?"

Ya ce, "Ke nake wa, kin ƙi lura."

Suka yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Da hantsi Shehi Hamad ya iso da ƙafa, don motarsa ta kafe a hanya. Maƙwabcin da ruwa ya shiga gonarsa yana biye da shi, da wasu mutum uku. Muka taka zuwa ƙasan gonar, Baba lulluɓe da bargo. Katanga duk ta kwanta. Abu ɗaya ne a tsaye a wurin: ginina. Kamu uku na dutse da siminti, shafaffe, ko tsagewa bai yi ba.

Shehi ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yi tambaya da Larabcin da ko jiya na zo zan gane.

"Wa ya yi wannan?"

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Sai na ga motar Jidda, na ga kaina ina sauka a ƙauye hannu wofi bayan shekara huɗu, na ga fuskar matata. Na ce bari in haɗiye yawu tukuna. Ina cikin haɗiyewa Baba ya ce, "Ana." Wato ni ne.

Shehi ya juyo ya dube shi. "Kai, Isiyaku?"

"Ni. Karnuka sun dame ni. Tsufa ne."

Maƙwabcin ya fara ɗaga murya. Shehi ya ɗaga masa hannu, ya dubi Baba, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce to, tunda tsufa ya kai haka, Isiyaku ya tafi wajen 'yarsa ya huta, gobe zai aiko da mota. Ni kuma, tunda an ce magini ne, in tayar da katangar.

Da suka tafi na durƙusa a gaban Baba. Na ce zan bi Shehi in faɗa masa.

Ya ce, "Zauna. Kai kana da huɗu a gida, ba ka da takarda. Ni me zai yi mini? Yanbu ce, ba wuta ba."

"Baba, Baƙi'a fa?"

Ya ja bargon ya rufe ƙafarsa. Can ya ce, "In ƙura ta lafa, ka san yadda za ka yi masa magana. Mutum ne mai jin magana in ba a gaban jama'a ba." Ya yi tari, ya ƙara da cewa, "Amma aikinka ya yi kyau, Bakano. Sel ma ya gwada ya bar maka."

Washegari mota ta zo. Kayansa duka akwatin ƙarfe ɗaya ne da buta. Ya sa direban ya bi da shi ta jikin Baƙi'a kafin su kama hanya. Direban ne ya gaya mini daga baya.

Ya bar mini hanya a buɗe: in ƙura ta lafa in yi magana. Juma'ar farko na ce Shehi yana cikin fushi, bari ya huce. Ta biyu ya zo da baƙi. Ta uku na ce bari in gama katangar, ya ga aikina, maganar ta fi sauƙi. Na gama katangar, na bar ƙofa sama da ƙasa, na sa sababbin ƙarafa. Sai na ce bari a gyara inji. Kullum ina da dalili, kuma kullum ina kiran abin haƙuri. Ina kwana a gadon Baba, ina shan shayi a kofinsa.

Sau ɗaya na je wurin wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a Ƙurban, don a lokacin ban iya ko rubuta sunana ba. Na so in ce wa Baba ya yafe mini, ina nan zan faɗa. Amma mai rubutun ya san kowa, kowa ya san shi, bakinsa kuma ba ya rufuwa. Na zauna a gabansa na ce ya rubuta ina gaisuwa, ina fatan tari ya yi sauƙi, dabino sun yi kyau bana. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Ana tsakiyar yankan dabino, zafi kamar zai kashe mutum, Hajiya Kaltume ta zo gonar. Ba ta zo da kunu ba, ba ta kuma tsokane ni ba. Ta tsaya a gindin dabinon da nake kai ta ce, "Sauko, Hamisu." Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar. Tarin nan bai saki Baba ba tun ranar ruwa. A Yanbu aka binne shi, kusa da teku.

Juma'ar da ta biyo na tare Shehi Hamad tun bai fito daga mota ba. Na faɗa masa duka, da Larabcina mai karyewa. Na ce ya kira 'yan sanda in ya ga dama.

Ya kashe motar. Ya ce, "Na sani tun ranar. Shekara talatin ina tare da Isiyaku, bai taɓa iya ɗora dutse a kan dutse ya zauna ba."

Na ce, "To don me ka kore shi?"

Ya ce, "Dattijo ya yi magana a gaban mutane, in ce masa ƙarya yake? Na ce ya je ya yi jinya. Na ce a raina, ranar da mai aikin ya zo ya faɗa da bakinsa, zan yi masa faɗa, in aika mota a dawo da tsohon ɗakinsa. Duk Juma'a ina zuwa ina duban ka." Ya ɗaga yatsu huɗu. "Wata huɗu, ya Hamisu."

Bai kore ni ba. Da ya kore ni da ya fi mini sauƙi. Na ƙara shekara biyu a gonar, ba a sake yin ruwan da ya jiƙa ƙasa ba. Kullum da safe nakan je in duba ƙofofin nan biyu in cire abin da iska ta tara.

Bayan na dawo gida na shiga ajin manya na yaƙi da jahilci, furfura a kaina, muna zama bayan la'asar. Da hannuna ya faɗa, abin da na fara so in rubuta ke nan, tunda yanzu ba sai na faɗa wa wani ya rubuta mini ba.

Ranar da zan bar Madina na je na tsaya a jikin katangar Baƙi'a, daidai inda muke tsayawa. Na yi sallama ga mutanen ciki kamar yadda ya koya mini. Mutane ne masu yawa a wurin, daga kowace ƙasa, ban san sunan ko ɗaya daga cikin na zamaninmu ba. Wanda ba ya ciki kaɗai na sani.